Abin da Ya Rage Bayan Dariya

Mawaƙin barkwanci ba shi kaɗai yake aikinsa ba. Muryarsa na taya shi, fuskarsa na taya shi, ɗan shirun da yake yi kafin ya saki magana na taya shi, sannan ga taron da ke gabansa, inda dariyar mutum ɗaya kan jawo ta mutum ɗari. Ran da ya jingine jita ya zauna gaban keken rubutu, duk waɗannan mataimaka sai su tsaya a bakin ƙofa. Kalma ce kawai ke bin sa ciki. Ita ce za ta fita duniya, ta faɗa hannun wanda bai taɓa jin muryarsa ba, a garin da bai taɓa zuwa ba, bayan shekara talatin ko arba'in, kuma babu mai tsayawa kusa da ita ya ce wa mai karatu wasa ake yi.

Kinky Friedman ya shiga wannan gwaji a 1986, shekarar da littafinsa na farko, Greenwich Killing Time, ya fito. Ya rasu ranar 27 ga Yuni, 2024, a gandun iyayensa da ke kusa da Medina a jihar Teksas, yana da shekara 79. Yanzu littattafan sun zama marayu. Babu shi a talabijin da baƙar hular kaboyi da ƙatuwar taba a baki yana yi musu talla, babu shi a kantin littattafai yana sa hannu yana zolayar masu layi. Sai yanzu ne ma za a iya tambaya da gaske: me ke cikinsu da zai iya tsayawa da ƙafarsa?

Ainihin sunansa Richard Friedman. An haife shi a Shikago a 1944, iyayensa Yahudawa ne, suka koma Teksas yana ƙarami, suka kafa sansanin hutu na yara mai suna Echo Hill a yankin tuddai na jihar. Ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam a jami'ar Teksas da ke Austin, ya yi shekara biyu a tsibirin Borneo a ƙarƙashin Peace Corps, ƙungiyar nan ta matasan Amurka masu aikin sa kai wadda 'ya'yanta suka koyar a makarantun Najeriya a shekarun 1960. Da ya dawo gida sai ya faɗa kiɗan kantiri, wato kiɗan fararen fatar kudancin Amurka, na makiyaya da direbobin manyan motoci da masu zuwa coci ranar Lahadi. Bayahude a wannan fage baƙo ne, shi kuwa bai ɓoye baƙuncinsa ba. Ya sa wa ƙungiyarsa suna Texas Jewboys, yana kwaikwayon sunan Texas Playboys ta Bob Wills, ya ɗauki kalmar da ake zagin danginsa da ita ya liƙa a allon talla. Har mahaifinsa bai so sunan ba. Faifansa na farko, Sold American, ya fito a 1973. Ya yi waƙa a dandalin Grand Ole Opry na Nashville, ya bi Bob Dylan yawon wasa a 1976. Shirin talabijin na Austin City Limits ya ɗauki wasansa a 1975, sannan aka ƙi watsawa saboda ana ganin ya wuce gona da iri. Wata waƙarsa da ke zolayar masu fafutukar 'yancin mata ta sa babbar ƙungiyar matan Amurka ta ba shi lambar wulaƙanci, shi kuma ya riƙa alfahari da ita har ƙarshen rayuwarsa.

Amma a cikin wancan faifai na farko akwai waƙar da babu dariya a cikinta ko ɗaya. Sunanta Ride 'Em Jewboy. Duk wanda ya ga sunan zai zaci shaƙiyanci ne, sai ya tarar da waƙa mai sanyi irin ta makiyayi da dare, a kan kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawan Turai. Mawaƙin kantiri Willie Nelson ya rera ta daga baya. Na kawo ta ne domin duk abin da zan faɗa a kan littattafan yana nan a dunƙule cikinta: a waje suna mai tsokana, a ciki makoki. Mutumin ya saba ɓoye abin da ya fi yi masa ciwo a bayan abin da ya fi ba mutane dariya, kuma bai bar wannan ɗabi'a ba da ya koma rubutu.

Farkon shekarun 1980 kasuwar waƙarsa ta yi sanyi. Yana zaune a Niyok, yana wasa a wani gidan rawa mai suna Lone Star Cafe, hodar iblis ta kama shi, kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa. Abokai suka riƙa mutuwa. Tom Baker, ɗan wasan fim kuma amininsa, ya mutu a 1982. Mahaifiyarsa ta rasu a 1985. Ya tattara ya koma Echo Hill, ya tare a wani ɗan gidan ƙarfe mai taya, ya fara buga labari da keken rubutu. Yana zaune a dajin Teksas, yana rubuta birnin da ya gudo daga cikinsa.

Dabarar da ya zo da ita mai sauƙi ce, kuma mai haɗari. Mai binciken da ke cikin littafin sunansa Kinky Friedman, tsohon mawaƙin kantiri ne, yana zaune a saman wani tsohon gini a titin Vandam, lamba 199B, lambar da ke tuna wa mai karatu gidan Sherlock Holmes. Yana da kyanwa wadda yake yi wa magana ba ta amsawa. Yana ajiye tabarsa a cikin wani kan Sherlock Holmes na tangaran. A kan teburinsa akwai jajayen wayoyin tarho biyu da ke ƙara tare. Idan baƙo ya zo, sai ya leƙa taga ya jefa masa mabuɗin ƙofa a cikin bakin wani kan 'yar tsana mai ɗauke da 'yar lema. A saman ɗakinsa ana koyar da rawa, rufin na girgiza. Mataimakansa kuwa abokansa ne na zahiri da sunayensu na gaskiya: Larry Sloman, marubucin da ake kira Ratso, Mike McGovern, ɗan jaridar Daily News, Steve Rambam, wanda shi kaɗai ne a cikinsu binciken sirri ya zama sana'arsa. A littafin farko McGovern ne ake zargi da kisan maƙwabcinsa. Daga nan aka ci gaba, littafi fiye da 15 cikin shekara 19. Shugaba Bill Clinton na daga cikin masu karanta su, ya kuma gayyace shi Fadar White House.

To, ya suke a yau?

In dai a kan sarƙaƙiyar labari ne, ba su da ƙarfi. Wanda ya saba da Agatha Christie, wadda ke shimfiɗa kowace alama a gabanka ta kuma ɓatar da kai da gaskiya, zai ji an yi masa rowa. Sau da yawa mai binciken Friedman ba ya gano komai da hankalinsa. Mafarki ne, ko sa'a, ko Rambam ya buga waya ya kawo amsa. A Case of Lone Star na 1987 ya fi sauran tsari, domin a can ana kashe mawaƙa ɗaya bayan ɗaya, mai kisan yana barin alamu daga waƙoƙin Hank Williams, kuma marubucin ya san wannan duniya kamar tafin hannunsa. Musical Chairs na 1991, inda ake bin tsofaffin 'yan ƙungiyarsa ana hallakawa, shi ma yana da ƙashin baya. Amma zuwa ƙarshen shekarun 1990 zaren ya yi siriri ƙwarai. A Spanking Watson na 1999 mai binciken ne da kansa ya ƙirƙiro barazanar ƙarya domin ya gwada wane ne cikin abokansa ya fi dacewa da zama mataimaki. Marubucin da ya kai ga haka ya gaji da ƙirƙirar laifi, kuma gajiyar na bayyana a shafi.

Wannan bai dame ni sosai ba. Akwai reshe guda na labaran bincike wanda ba don gano mai laifi ake karanta shi ba. Masu son Nero Wolfe na Rex Stout kan manta wa ya yi kisa a littafi kaza, amma ba sa manta gidan da ke titi na 35, da lokacin cin abinci, da cacar baki tsakanin maigida da yaronsa Archie. Komawa gidan ake yi. Friedman ɗan wannan reshe ne. Matsalarsa ta ainihi tana wani wuri, a cikin rahar kanta.

Mawaƙi yana rayuwa ne da maimaici. Maganar da ta ba mutanen Austin dariya daren Juma'a za ta ba mutanen Dallas dariya daren Asabar, domin kunnuwa sababbi ne. Taron ma da ya san ta yana jiran ta, yana so ya ji ta kamar yadda ake jiran amshi. Friedman ya ɗauko wannan al'ada ya shigo da ita littafi. Yana da jimlolinsa na musamman a kan amsa waya, a kan shiga banɗaki, a kan kyanwar da ba ta cewa komai, kuma suna dawowa a kowane littafi, wani lokaci a kowane babi. Ga wanda ke sayen littafi ɗaya a shekara, wannan gaisuwa ce ta tsohon aboki. Ga wanda ya tara su yau ya karanta uku a jere, abin na zama nauyi. Takarda ba ta manta abin da aka faɗa mata jiya. Kunne yana yafe maimaici saboda sautin ya wuce, ido kuwa yana iya juya shafi baya ya ga cewa an riga an yi wannan wasa.

Sai kuma raha mai cizo, wadda ita ce ta fi tsufa. Littattafan cike suke da zolayar mata, da baƙaƙen fata, da 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, da Jamusawa, da Kiristocin kudu, da Yahudawa 'yan uwansa. Masu kare shi sukan ce kowa ya samu rabonsa, kuma ya fi zolayar kansa. Gaskiya ne, amma wannan bai warware matsalar ba. Mu da muka taso cikin wasan Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zage-zagi, mun san cewa abin da ke halatta maganar ba ya cikin maganar. Yana cikin dangantakar da kowa a wurin ya sani, da damar da ɗayan yake da ita ta ramawa nan take. A ɗauke maganar nan a rubuta, a miƙa wa wanda bai san akwai wasa tsakaninsu ba, zagi zai karanta, kuma ba za a ce bai iya karatu ba. A dandali, Friedman yana tsaye da jikinsa: Bayahude cikin tufafin kaboyi, a gaban taron da wasu daga cikinsu suka taso da ƙin Yahudawa, yana saka kalaman mai wariya a bakinsa domin ya kunyata mai wariyar. Ana ganin wanda ke magana, ana ganin kasadar da ya ɗauka. A shafi babu wannan kasada. Akwai wuraren da dabarar ta tsira, inda mai karatu ke gane cewa wautar mai magana ake nunawa. Akwai kuma wurare da yawa, musamman a kan mata, inda babu wani abu a bayan maganar. Matan littattafansa yawanci siffa ce da ƙafafu da baki mai kaifi, kaɗan ne a cikinsu aka ba su ciki irin na mutum.

Shi ma ya ɗanɗana wannan hukunci da ransa. A 2006 ya tsaya takarar gwamnan Teksas ba tare da jam'iyya ba. Ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe aka tono wani tsohon wasansa na 1980 mai ɗauke da kalmar cin mutuncin baƙaƙen fata, aka haɗa da wata mummunar magana da ya yi a kan mutanen da guguwar Katrina ta koro zuwa Houston. Ya ce shi mai barkwanci ne da ke tsokanar kowa. Amma maganar da aka cire daga gidan rawa aka buga a jarida ta riga ta canza jinsi. Ya zo na huɗu da kimanin kashi 12 cikin ɗari na ƙuri'u, Rick Perry ya ci zaɓen. Abin da ya faru da kalmominsa a wannan shekara shi ne abin da lokaci ke yi wa littattafansa a hankali.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a tattara su a ajiye. Akwai abin da ke cikinsu wanda shekaru suka ƙara wa nauyi, kuma ina ganin shi ne dalilin rubuta su tun farko.

A duba yanayin da aka yi su. Mutum ne a farkon shekarunsa na arba'in, sana'arsa ta farko ta durƙushe, ya binne uwa da aminai, yana zaune shi kaɗai da dabbobi. Sai ya gina ɗaki a takarda, ya kira abokansa ciki da sunayensu, ya sa su suna hawa bene suna faɗa da juna suna cin abincin Sinawa, kuma a cikin wannan ɗaki duk mutuwar da ta faru tana da dalili da mai laifi da babi na ƙarshe. Labarin bincike shi ne nau'in adabi da ya yi alkawarin cewa mutuwa tambaya ce mai amsa. Wanda hodar iblis da haɗarin mota da ciwo suka ɗauke wa mutane ya san ba haka take ba. Ina ganin shi ya sa bai taɓa ba da zuciyarsa ga warware sarƙaƙiyar ba: bai yarda da alkawarin ba, amma yana buƙatar inuwarsa.

Inda wannan ya fi fitowa shi ne Elvis, Jesus & Coca-Cola na 1993, wanda a ganina ya fi duk sauran. Littafin ya buɗe ne da mutuwar Tom Baker, da sunansa na gaskiya, shekara 11 bayan mutuwarsa ta zahiri. A cikin labarin Baker ya bar wani fim da yake haɗawa a kan masu kwaikwayon Elvis, fim ɗin ya ɓace, ana neman sa. Mutanen da ke sa tufafin mamaci suna rera waƙoƙinsa domin kada ya tafi: marubucin ya san sarai cewa aikin da shi ma yake yi ke nan. A ƙarshen littafin, bayan an gama labari, ya ƙara ɗan gajeren rubutu a kan mutuwar kyanwarsa ta gaske, Cuddles, wadda ya tsinta tana 'yar jaririya a titin Niyok cikin sanyi. Babu zolaya a wannan shafi. Jimlolin gajeru ne, ba su neman tafi. Duk wanda ke shakkar ko mutumin ya iya rubutu, can zan tura shi. Ba abin mamaki ba ne cewa a 1998 ya taimaka aka kafa gandun ceton dabbobi na Utopia, inda aka riƙa karɓar karnukan da aka yasar.

Armadillos & Old Lace na 1994 ya ɗauke mai binciken daga Niyok ya mayar da shi Echo Hill, inda ake kashe tsofaffin mata a ƙauyukan yankin. A nan harshen ya sassauta. Akwai yara a sansani, akwai mahaifinsa, akwai tuddai da rafi da dare mai taurari, kuma mutumin da ke cika baki a birni ya koma ɗa a gidan ubansa. Roadkill na 1997, wanda ya shiga motar yawon wasan Willie Nelson, yana da daɗi saboda ƙaunar da ke tsakanin mutanen biyu ta gaske ce, ana jin ta. The Prisoner of Vandam Street na 2004 kuwa ya kwantar da mai binciken da zazzaɓin cizon sauro da ya kwaso tun Borneo. Yana kwance, yana ganin ana dukan wata mata ta tagar gidan da ke kallon nasa, abokansa kuma sun ƙi yarda, sun ce zafin zazzaɓi ne. Mutumin da ya shekara talatin yana wasa ya wayi gari yana faɗin gaskiya babu mai gaskata shi. Ban san wani wuri da Friedman ya fi kusantar bayyana tsadar sana'arsa ba.

Abin da na lura da shi a duk waɗannan shi ne inda kyawawan jimlolin suke zama. Ba su cika zuwa a tsakiyar hira ba, inda ake gasar baki. Suna zuwa ne a ƙarshen babi, bayan baƙi sun sauka, mai binciken ya rage shi da kyanwa da ƙarar motocin shara a titi. A nan mawaƙin ke dawowa. Ya san yadda ake rufe baiti, ya san cewa layi na ƙarshe ba ya son nauyi. Horon da ya samu na rubuta waƙa mai minti uku, wanda ya cuce shi wajen gina labari mai shafi ɗari biyu, shi ne ya ba shi waɗannan sakin layi. Ba su dogara da murya ko hula ba, don haka tafiyarsa ba ta rage musu komai ba.

A Ten Little New Yorkers na 2005 ya rufe jerin. Kyanwar ta ɓace, mai binciken ya rasa sha'awar komai, ana kashe mutane ana barin alamun da ke nuna shi ne, daga ƙarshe ya faɗo daga kan gada tare da mai kisan. Conan Doyle ya yi wa Holmes irin wannan a 1893, masu karatu suka matsa masa har ya dawo da shi. Jerin Friedman a nan ya tsaya. Ya shiga siyasa, ya rubuta littattafan tsokaci, sannan a ƙarshen rayuwarsa ya koma inda ya fara. Ya sha ba da labarin yadda Willie Nelson ya kira shi da tsakar dare, ya tarar yana kallon wani tsohon shirin talabijin, ya ce masa wannan alamar baƙin ciki ce, ya kashe akwatin ya kama rubutu. Abin da ya biyo baya shi ne faifan Circus of Life na 2018, sababbin waƙoƙi na kansa bayan shekaru masu yawa, da muryar tsoho, kusan babu barkwanci a ciki.

Wanda bai taɓa karanta shi ba, ya fara da A Case of Lone Star domin ya san ɗakin da mutanensa, ya bi da Elvis, Jesus & Coca-Cola, sannan Armadillos & Old Lace. Ya bar watanni tsakanin ɗaya da ɗaya, kamar yadda masu karatunsa na farko suka samu tazarar shekara. Zai ci karo da shafukan da za su ɓata masa rai, kuma yana da gaskiya in ransa ya ɓaci. Littattafan ƙarshen shekarun 1990 zai iya tsallake yawancinsu, ya wuce kai tsaye zuwa The Prisoner of Vandam Street.